Cire tsiron fata a gida da ƙaramar na'urar leza: yana yiwuwa kuwa?

Baban Ummi, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimi a kan wani lamari da ya shafi mahaifiyarmu, wadda shekarunta suka haura sittin. Tun muna yara muka san ta da waɗansu ƙananan baƙaƙen tsiro a kumatu da gefen idanu, kowanne bai wuce girman ƙwayar gero ba, amma a 'yan shekarun nan sun ƙaru, sun sauko har wuya da saman ƙirji. Ba sa yi mata ciwo, ba sa kuma ƙaiƙayi sai jefi-jefi idan ta yi gumi. Ban da waɗannan, akwai guda biyu a wuya masu laushi da ke reto, waɗanda sarƙa da bakin mayafi ke yawan kamawa, har ɗayansu ya taɓa yin jini. Abin yana damun ta ƙwarai, musamman idan za ta shiga taron biki ko suna, kuma ita mace ce da ba ta son zaman layin asibiti.

Ƙanena ya ga tallar waɗansu na'urori a Facebook da TikTok, ya kawo shawarar mu saya mu yi mata a gida. Iri biyu ya nuna mini. Ta farko siffar biro gare ta, da tsini a baki, ana nuna an ɗosana ta a kan tsiron, bayan kwanaki ya bushe ya faɗi. Ta biyu kuwa jan haske kawai take fitarwa, masu tallar suna cewa leza ce mai sauƙin ƙarfi, wai idan ana haska wurin na 'yan mintoci kullum, tsiron zai motse ba zafi ba tabo. Kuɗin kowace bai kai kusa da abin da aka ce mana ana biya a asibitocin kuɗi masu gyaran fata ba.

Abin da nake so in sani shi ne, shin wannan haske mai sauƙin ƙarfi yana cire tsiro da gaske? Idan yana yi, wane ƙarfi ya kamata a nema, kuma minti nawa ake haskawa? Idan kuma akwai haɗari, ina roƙon a bayyana mini shi dalla-dalla, domin in sami abin da zan faɗa wa ƙanena da ita Hajiyar. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Fiziks, Bukuru

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni ba likita ba ne, fiziks nake koyarwa, saboda haka zan tsaya ga abin da ya shafi hasken da na'urorin, in bar batun fata ga masu shi.

Abubuwa biyu ne mabambanta masu talla suka cakuɗa. Akwai lezar da likitoci ke ƙona nama ko yanka shi da ita, akwai kuma leza mai sauƙin ƙarfi, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. An ƙera leza ta farko a Amurka a 1960, a hannun Theodore Maiman. A 1967 wani likita a Budapest ta ƙasar Hangari, Endre Mester, ya haska leza marar ƙarfi a bayan ɓerayen da aka aske, sai ya lura gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa, daga baya kuma ya ga raunuka suna saurin warkewa. Daga nan wannan fanni ya samo asali. Ka lura da abin da aka gani tun ranar farko: hasken ya ƙara wa ƙwayoyin jiki kuzari ne, bai kashe su ba. Har yau abin da ake nema da shi ke nan. Ana amfani da jan haske mai tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta launin haske, wanda ake aunawa da nanomita) wajen nanomita 630 zuwa 670, ko kuma wanda ido ba ya gani, wajen 800 zuwa 900, da ƙarfin da bai wuce 'yan miliwat zuwa 'yan ɗaruruwa ba (miliwat 1,000 ne wat ɗaya), yadda fata ba za ta ɗauki zafin a zo a gani ba. Mafi yawan masu bincike suna ganin sashen ƙwayar halitta da ke samar da kuzari ne ke shan hasken. To, na'urar da aka ƙera domin kada ta ƙona komai, ta yaya za ta kawar da nama? Amsar tambayarka ta farko ke nan: ba ta cirewa, kuma babu adadin mintocin da zai sa ta cire. Da yawa daga cikin na gidan ma ba leza ba ne, ƙananan ƙwayayen fitila ne na LED masu jan launi.

Lezar asibiti kuwa wani abu ne dabam. Ta iskar kabon dayoksaid (CO2), wadda aka fi cire tsiro da ita, tsawon zangonta nanomita 10,600 ne, ruwan da ke cikin nama yake shan hasken, sai naman ya ƙafe nan take. Da wat ake auna ƙarfinta, ba da miliwat ba, kuma ana sakin hasken ne cikin gajerun bugu, domin zafin ya gama aikinsa kafin ya bazu zuwa lafiyayyar fatar da ke kewaye. Masana biyu a Boston, Anderson da Parrish, su suka bayyana wannan ƙa'ida a 1983: a zaɓi hasken da abin da ake son lalatawa ya fi sha, a kuma taƙaita lokacin bugun. Wanda ya sayi leza mai ƙarfi daga intanet ya riƙe da hannu yana haskawa ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikin biyun, ƙuna kawai zai yi, ba tare da sanin zurfinta ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne ido, tunda ka ce tsiron yana gefen idanun Hajiya. An kasa leza aji-aji bisa haɗarinta. Aji na 2 ba ya wuce miliwat 1, aji na 3R yana tsayawa a miliwat 5, aji na 3B yana kaiwa miliwat 500, abin da ya haura haka kuma aji na 4 ne, wanda ke ƙona fata ya kuma kunna wuta. Ido yana tattara hasken da ya shige shi a kan ɗigo guda a tantanin da ke bayansa, har ƙarfin hasken a wurin yakan ninka kusan sau 100,000. Ƙiftawar ido tana ɗaukar kamar rubu'in daƙiƙa, kuma tana iya kare mutum ne daga aji na 2 kaɗai. Lezar da ta isa ta ƙona tsiro ta isa ta ƙona wannan tantani kafin a ƙifta, ko da kuwa hasken ya dawo ne daga madubi ko ɗan kunne ko sarƙa, kuma wurin da ya ƙone ba ya dawowa. Hasken da ido ba ya gani ya fi muni, domin mutum ba zai ƙifta ba sam. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen waje sun nuna cewa koren leza masu araha sukan fitar da irin wannan ɓoyayyen haske tare da koren, kuma ƙarfinsu yakan zarce abin da aka rubuta a jikinsu. Tabarau na rana ba ya kare komai, domin kowane tsawon zango da irin gilashin da ke tare shi. Idan likitoci za su yi aiki kusa da ido, marufi na ƙarfe suke sa wa majiyyaci.

Biron nan mai tsini kuwa, galibinsa babu leza a cikinsa. Allura ce da lantarki ke zafafawa, ko kuma take fitar da ɗan tartsatsi zuwa fata. Lalas ne irin na da, sai dai an sa masa batir da sabon suna.

Hajiyar Kubwa, Abuja

Malamin Fiziks ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara basira. Sai dai ina so in faɗi abu biyu. Na farko, an taɓa haska mini irin wannan jan haske a gwiwa a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a nan Abuja, tare da motsa jikin da aka koya mini, kuma na sami sauƙi, saboda haka ban yarda a ce na'urar ƙarya ce gaba ɗaya ba.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, mutane ba don wauta suke neman irin waɗannan hanyoyi ba. Likitocin fata sun yi ƙaranci a ƙasar nan, ganin su yana buƙatar jira, asibitocin kuɗi na Maitama da Wuse kuma ba na kowa ba ne. Mata da yawa da na sani zare suke ɗaure tsiron da shi har ya faɗi, waɗansu kuma wanzami suke kira. Idan za a ce wa Baban Ummi kada ya yi a gida, ya kamata a faɗa masa abin da zai yi wanda aljihunsa zai ɗauka, ba a tsaya ga cewa ya je asibiti kawai ba.

Likita, Gwagwalada

Wa alaikumus salam. Hajiya, maganarki tana kan hanya, kuma zan amsa ta. Hasken da aka yi miki a gwiwa yana da gurbinsa. Ana amfani da shi wajen rage waɗansu ciwukan gaɓoɓi, akwai hujja mai kyau a kan amfaninsa ga gyambon baki da ke samun masu karɓar maganin sankara, kuma a Amurka an ba da izinin sayar da irinsa domin zubewar gashi tun 2007. Duk waɗannan ayyuka ne na kwantar da kumburi da taimakon nama ya farfaɗo. Cire tsiro ba ya cikinsu. Hasali ma, masu aiki da wannan haske su da kansu suna gargaɗin kada a haska shi kai tsaye a kan ƙarin da ake zargin sankara ne.

Baban Ummi, ba zan iya tabbatar da abin da ke jikin Hajiya ba tare da na gani ba, amma yadda ka siffanta ya yi daidai da abubuwa biyu da muke gani kullum. Ƙananan baƙaƙen nan na kumatu da wuya likitoci suna taƙaita sunansu da DPN, kuma wani likita mai suna Aldo Castellani ne ya fara bayyana su a 1925. Sun fi yawa ga baƙar fata, ana gadon su, sun fi fitowa mata, sukan fara bayan balaga su riƙa ƙaruwa da shekaru. Ba sankara ba ne, ba sa rikiɗewa su zama ita, ba a kuma ɗaukar su daga wani. Masu reton nan na wuya su ma ba su da illa a karan kansu, amma yawansu yana tafiya da ƙiba da ciwon suga, don haka idan an daɗe ba a auna sugan Hajiya ba, a auna. Wannan yana da muhimmanci ta wata fuskar ma, domin mai ciwon suga rauninsa yana jinkirin warkewa, yana kuma saurin ruɓa.

Sai batun fatarmu, wanda masu talla ba sa ambatawa, kuma yawancin hotunan da suke nunawa na farar fata ne. Sinadarin melanin, wanda ya ba mu launinmu, yana shan hasken da ido ke gani sosai. A jikin Bature, baƙin ɗigo ya bambanta da fatar da ke kewaye da shi, sai hasken ya fi kama ɗigon. A jikinmu kuwa fatar gaba ɗaya tana shan hasken, sai lafiyayyen wuri ya ƙone tare da tsiron. Shi ya sa ko a asibiti ake zaɓar mana leza mai dogon zango, kamar ta nanomita 1064, a kuma rage ƙarfi. A ma'aunin Fitzpatrick, wanda ya kasa launin fata gida shida, mafi yawanmu muna gida na biyar da na shida. Fata irin wannan idan ta ƙone takan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya dushe, ko kuma farin tabo wanda ba lallai launinsa ya dawo ba. Sannan ga kiloyid, wato tabon nan mai tudu da ke girma ya wuce iyakar raunin da ya haifar da shi, wanda ya fi kama baƙar fata, kuma wuraren da ya fi so su ne ƙirji, kafaɗa, kunne da muƙamuƙi. Mace ta zo domin ɗigo ɗaya ya dame ta, ta koma da tabon da ya ninka shi sau da yawa: wannan shi ne abin da na fi gani daga aikin biron nan, kuma yana ɓata mini rai duk lokacin da na gani, domin gyaran tabon ya fi cire tsiron wuya da tsada.

Amma babban dalilin da ya sa nake roƙon kada a ƙona tsiro a gida ya wuce batun tabo. Idan likita ya yi shakkar wani tsiro, yanko shi yake yi, a sa a ruwan adanawa, a kai sashen nazarin nama a duba da madubin likita. Naman da aka ƙone ya zama gawayi, babu abin da za a karanta a cikinsa. Idan aka yi rashin sa'a abin melanoma ne, wato wata muguwar sankarar fata, ƙona samansa ba ya kashe abin da ke ƙasa, yana ɓoye shi ne kawai, ya ci gaba da tafiya ta jijiyoyi zuwa ƙaluluwa da sauran sassan jiki alhali ana zaton an rabu da shi. Bugu da ƙari, da kaurin wannan sankara, wanda ake aunawa da milimita, ake sanin irin aikin da za a yi wa majiyyaci da abin da za a sa rai, kuma wanda ya ƙone saman ya ɓatar da wannan ma'auni.

Akwai masu cewa baƙar fata ba ta sankara. Gaskiya ce ba ta kai ta Turawa yawa ba, amma tana faruwa, kuma a wurinmu ta fi fitowa inda ba a dubawa: tafin ƙafa, dunduniya, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Yawancin masu ita suna zuwa a makare, bayan an daɗe ana yanke wurin da reza a kan zaton kaushi ne. Haka kuma tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya shekara da shekaru yana iya rikiɗewa ya zama sankara, wanda kuwa ya ƙona kansa da gangan ya ƙara wa jikinsa irin wannan tabo ne. 'Yan'uwanmu zabiya su ne suka fi kowa shiga haɗari, musamman a wuri mai tudu kamar Jos, wadda ke kusan mita 1,200 sama da teku, inda sanyi ke sa mutum ya manta cewa rana tana dukan fata da ƙarfi. Duk ɓawo ko kurjin da ya ƙi warkewa a fuska, kunne ko wuyan zabiya na likita ne tun ranar da aka lura da shi. Masu ɗauke da cutar HIV su ma sukan sami waɗansu duhun tabba masu tudu, galibi a ƙafa, waɗanda wata irin sankara ce da maganinta ya haɗa da na ita cutar.

Abin da za a duba a jikin Hajiya a daren nan, da fitila mai haske, shi ne ko akwai guda ɗaya da ya fita dabam da sauran: wanda ke girma da sauri, ko ya sauya launi, ko ya haɗa launi biyu ko uku, ko gefensa ba daidai ba, ko faɗinsa ya haura milimita 6, ko yana jini ba tare da an taɓa shi ba, ko ya zama rauni ya ƙi rufewa bayan makonni. A duba tafin ƙafarta da faratanta ma. Jinin da ka ambata, idan sarƙa ce ta ja shi, ba abin tashin hankali ba ne.

Yanzu ga amsar Hajiyar Kubwa. Cire masu reton nan ba ya buƙatar leza, ba ya ma buƙatar ƙwararren likitan fata. Likita na gama-gari yana iya kashe zafin wurin da 'yar allura, ya datse da tsabtataccen almakashi, a gama cikin mintoci, kuma a asibitin gwamnati ƙaramin aiki ne. Ƙananan baƙaƙen kuma an fi taɓa su da na'urar lantarki mai siririn baki a kan ƙarfi kaɗan, ko a kankare su a hankali, bayan an gwada a kan guda ɗaya ko biyu an ga yadda fatar ta warke. A Jos za a iya farawa daga sashen marasa lafiya na waje a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, daga nan a tura mahaifiyar Baban Ummi gaba idan da buƙata. A Abuja akwai Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja. Ɗaure da zare yana iya kayar da ƙaramin tsiro mai siririn wuya, ban musa ba, amma yana kawo ruɓa, kuma yana da aibin da ƙonawa ke da shi, wato an jefar da abu ba a san ko mene ne ba. Askar da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita kuwa hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C.

Baban Ummi, Unguwar Rogo, Jos

Na gode ƙwarai, Malam, Hajiya da Likita, Allah Ya biya ku. Mun duba kamar yadda aka ce, ba mu ga wanda ya fita dabam ba, tafin ƙafarta da faratanta kuma lafiya lau. Sai dai maganar tabo mai tudu ta tuna mini cewa Hajiya tana da irinsa a bayan kunnen dama, wanda ya fito tun tana budurwa bayan an ƙara mata huji, kuma ƙanwarta ma tana da shi a kafaɗa. Shin wannan ya canza wani abu?

Ina da ƙarin tambaya biyu. Ƙanena ya ce an rubuta a kwalin na'urar cewa hukumar magunguna ta Amurka ta san da ita, yana ganin wannan ya isa hujja. Sannan ɗana mai shekara tara yana da tusar jaki a yatsa, mun so mu haɗa da shi idan an sayo biron.

Mai Harhaɗa Magunguna, Terminus, Jos

Malam, zan amsa biyun ƙarshe, in bar ta kunne ga Likita. Rubutun da ke jikin kwali kowa yana iya buga shi. Ko da gaskiya ne, sau da yawa abin da yake nufi shi ne kamfanin ya shigar da sunansa a rajistar hukumar, wanda ba gwajin inganci ba ne, ko kuma an ba da izinin na'urar domin wani aiki takamaimai, kamar ciwon gaɓa ko gashi, kuma izinin wani aiki ba ya zama izinin cire tsiro. Ita wannan hukumar ta FDA a 2022 ta gargaɗi jama'a a kan magungunan shafawa da ake sayarwa a intanet domin cire tawadar Allah da tsiron fata, ta ce babu ko ɗaya da ta amince a yi amfani da shi a gida, bayan rahotannin ƙuna da tabba da suka iso gare ta. A nan gida kuwa NAFDAC ce ke rajistar kayan aikin lafiya, kuma ana iya duba lambar kaya a kundinta na Greenbook a intanet. Abin da aka aiko daga waje ba lamba, ba adireshin mai shigowa da shi, babu wanda za ka riƙe idan ya yi ɓarna.

Tusar jaki ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, kuma a jikin yara wajen kashi biyu cikin uku suna ɓacewa da kansu cikin shekara biyu, ba tare da tabo ba. Idan tana damun yaron, bayan ma'aikacin lafiya ya gani ya tabbatar ita ce, akwai maganin ɗigawa na salisilik asid, galibi mai ƙarfin kashi 17 cikin ɗari. Ana jiƙa yatsan a ruwan ɗumi, a goge matacciyar fatar sama a hankali, a ɗiga a kan tsiron kaɗai, kullum, kuma yana iya ɗaukar har mako 12, saboda haka sai an yi haƙuri. Ba a sa shi a fuska ko al'aura, ba a kuma ba mai ciwon suga, don haka kada a gwada shi a jikin Hajiya. Ƙona tusar jaki a ɗaki yana da wata matsalar, domin an samu ɓurɓushin ƙwayar cutar a cikin hayaƙin da ke tashi, shi ya sa a asibiti ake zuƙe hayaƙin da na'ura, a kuma rufe hanci da baki. Yatsan yaro kuma nama kaɗan gare shi, ƙuna kusa da farce tana iya lalata tushen farcen har abada.

Likita, Gwagwalada

E, Baban Ummi, wannan ya canza abubuwa da yawa, kuma na ji daɗi da ka faɗa kafin a taɓa komai. Wanda ya taɓa yin kiloyid, musamman idan yana cikin dangi, yana iya sake yin sa a duk inda fata ta ji rauni, kuma ƙuna tana cikin raunukan da suka fi tayar da shi. Maganinsa yana da wahala: allurar tirayamsinolon ake yi a cikin tabon sau da yawa, tsakanin kowace da ta gaba makonni, idan kuma aka yanke shi kawai ba tare da wani magani ba, galibi yakan dawo, wani lokaci ya fi na farko girma.

Saboda haka, da a gabana Hajiya take, zan ba ta shawarar a bar na ƙirji da na muƙamuƙi yadda suke, ko a asibiti. Masu reton nan biyu da sarƙa ke kamawa za a iya datse su, domin raunin ƙarami ne kuma na sama-sama, amma a nuna wa likitan kunnenta tun kafin ya ɗauki almakashi, a kuma faɗa masa batun ƙanwarta. Idan ta dage a kan na kumatu, a gwada guda ɗaya a wurin da ɗankwali ke rufewa, a jira wata biyu zuwa uku a ga yadda ya warke kafin a yanke shawarar sauran, domin kiloyid ba ya fitowa nan da nan. Ku tafi da sakamakon gwajin suga idan an yi, da sunayen magungunan da take sha, musamman asfirin ko wani mai tsinka jini, kuma kafin ranar ta ajiye sarƙar da ke kama wurin.